Bangon Madubin Sauda

Akwai wata mata a Tirwun mai suna Sauda, wadda kallon bidiyon adon ɗaki a waya ya sa ta ɗauki kanta gwanar gwanaye. Ko guduma ba ta taɓa riƙewa ba. Amma ta shiga gidanka, kafin ta gama amsa gaisuwa ta ƙare wa labulenka kallo ta taɓe baki.

Mijinta Mansir ya gama ginin gidansu ana tsakar damina, suka tare a gaggauce, aka sa ranar walima. Sauda ta ci alwashin sai falonta ya zama abin labari a dangi. Ta ga wani bidiyo da aka lulluɓe bango guda da yankakken madubi, ta ce shi za ta yi, kuma da hannunta.

Ta je Ƙofar Dumi wajen mai yankan gilashi, ya yanko mata guda arba'in, kowanne ya kai faɗin faranti. Ya fara tambayarta irin bangon da za ta sa su, ta katse shi, ta ce yanka ta kawo masa, ba shawara ta zo nema ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da wata mata mai suna Roda, wadda unguwa ke kira Maman Felicia. Mijin Roda birkila ne, ita kuma ta shekara goma tana adon ɗaki da hannu: ƙwarya mai zane, faifai, kwalaben da take naɗewa da zare mai launi.

Roda ta shigo yi mata barka da tarewa, ta same ta tana shafa gam a bayan madubi. Ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta ce:

"Hajiya, bangon nan bai bushe ba, ji sanyinsa. Gam ba ya kama danshi. Ki bari ruwa ya ɗauke, ko kuma a kafa katako da ƙusa, ki manna su a kansa."

Sauda ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci.

"Maman Felicia, wannan ba aikin ƙwarya da faifai ba ne. Aikin zamani ne. Idan na tashi mayar da falona ɗakin kakata, zan aiko a kira ki."

Roda ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita.

Kwana uku Sauda tana manne-manne. Gaskiya bangon ya yi kyau. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa duk wanda take da lambarsa, ta rubuta cewa masu rataye ƙwarya su zo su ga yadda ake aiki. Washegari ta tarar madubi biyu sun ɗan zame daga layi. Ta danna su da yatsa suka koma, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar walima bayan la'asar falo ya cika da mata. An yi ruwa da safe, ga tururin abinci, ga numfashin jama'a. Sauda ta ja surukarta, Inna Yelwa, ta zaunar da ita daidai gindin bangon don hoto ya fito da kyau. Tana tsaye tana bayanin yadda ta tsara komai ba tare da taimakon kowa ba, sai madubin can sama ya saki.

Ya faɗo ya taho da uku na ƙasansa. Ɗaya ya fashe cikin babban tiren shinkafa, ɗaya ya tsarge ƙaurin Inna. Jini ya wanke sabon kafet. Mata suka yi waje a guje, wasu ko takalmi babu.

Sauda ta tsaya ƙiƙam da waya a hannu. Roda ce ta jiyo salati ta shigo, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙafar tsohuwar, ta riƙe ta har aka sa ta a mota. Ɗinki bakwai aka yi mata. Abincin kuwa zubar da shi aka yi, don ba mai cin shinkafa da ɓarɓashin gilashi.

Da aka dawo da Inna, Sauda ta durƙusa tana rantsuwa wai gam ɗin ne jabu, an cuce ta a kasuwa. Inna ta bari ta gama tsaf.

"'Yar nan, duk unguwar nan ba wanda ya ce miki kada ki yi?"

Sauda ta ce babu. Roda na tsaye a bakin ƙofa, sai matan da ke wurin suka dube ta, suka dubi juna.

Mansir bai yi faɗa ba. Ya ce tunda hannunta ne ya manna, hannunta ne zai cire, kuma ba mai zama a falon sai an gama. Ta wuni biyu a kan kujera da wuƙa tana ɓamɓara, kowane madubi yana tahowa da fenti ya bar tabo. Kowanne ta kama, fuskarta take gani a ciki, ga gumi, ga kunya.

Har yau ka tambaye ta, gam ne ya yi laifi. Inna Yelwa kuwa idan ta zo gidan, a tsakar gida take sa a shimfiɗa mata tabarma.

Darasi: Kallon aiki a waya ba shi ne iyawa ba, kuma wanda ya raina mai gaya masa gaskiya, wani bawan Allah ne zai fara shan wahalar girman kansa. Ka saurari wanda ya riga ka a sana'a ko da ba ka ga ƙyalli a jikinsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai shafa gam a jiƙaƙƙen bango yanzu haka.