Tony Da Hotunan Bikin Eunice

Akwai wani mai ɗaukar hoto a unguwar Romi, sunansa Tony. Kwamfutarsa ta tsufa, kafin ta buɗe hoto ɗaya ka gama cin tuwo.

Sai ya kira abokinsa Jamilu, mai gyaran kwamfuta a Unguwar Sanusi. Jamilu ya sa masa sabon disk, wato ma'ajiyar bayanai, mai sauri, SSD, ya bar tsohon a ciki. A tsohon nan hotunan bikin wata amarya Eunice suke, babu su a ko'ina, don Tony ya riga ya goge katin kamara.

Suna cikin aiki aka ɗauke wuta.

Jamilu ya ce, "Mutumina, kar ka shiga BIOS, wurin saitin nan. Windows ɗinka na kan tsohon disk, da saitin IDE ta saba. Sabon kuma saitin AHCI yake so. Gobe zan daidaita su."

"Gobe kuma? Amarya ta ishe ni da waya!"

"Ka dai bari."

Wuta na dawowa Tony ya kalli bidiyo a waya, ya shiga BIOS, ya maida saitin zuwa AHCI. Kwamfuta ta nuna shuɗin allo ta mutu. Ya kunna, ta sake mutuwa. Ya ce ai Windows ce ta lalace, bari ya zuba sabuwa. Da kwamfutar ta tambaye shi a wane disk zai zuba, ko karantawa bai yi ba, ya goge na farko. Tsohon ne fa.

Washegari Jamilu ya zauna ya dafe kai.

"Tony, babu abin da ya lalace. Da IDE ɗin kawai ka maida, da ta tashi."

Yini guda suka yi suna tono abin da ya goge, zafi, ga hayaƙin janareto. Kaɗan suka samu.

Eunice ta zo da yamma, ta zauna tana duba hotunan a hankali. 'Yan coci suna cin shinkafa. Wani kawu yana rawa. Kujeru. Kek.

Ta ɗago ta kalle shi, ko faɗa ba ta yi ba.

"Oga Tony, to ni ina nake?"

Darasi: In an ce ka jira, don Allah ka jira. Kar ka danna abin da ba ka karanta ba, balle da amanar wani a hannunka. Ku tura wa wannan abokin naku mai saurin hannu.