Mawaƙin da Ya Binne Uwarsa Tana Raye

An yi wani mutum a nan cikin birni, a wani lungu da ke gindin Dala. Sunansa ba zan faɗa ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Na uwarsa kuwa zan faɗa, ko kwa sa ta a addu'a. 'Yardada ake ce mata.

Ubansa ya rasu yana goye. Ita ta riƙe shi da ɗinkin hula, allura da zare, har idonta ya fara dishi-dishi. Tana ɗinki tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, shi kuma yana gefe yana kwashewa. Yana shekara tara Allah ya fito da muryarsa. In ana walimar sauka ko maulidi, sai a ɗora shi kan benci don bakinsa ya kai lasifika. Yana buɗe baki manya su yi tsit. Uwar tana can cikin mata, tana share hawaye da gefen mayafi.

Yaro ya zama saurayi. Ya fara rubuta waƙa da kansa, 'yan fim suka ɗauke shi, ya tashi daga lungu ya koma bayan gari, gida mai get.

Ya 'yan uwa, ba hukuncin waƙa ko fim na zo yankewa yau ba. Maganar uwa nake yi, ku saurara da kyau.

Ran nan aka gayyace shi hira a gidan rediyo. Mai shirin ya tambaye shi, "Wannan kukan da ke cikin muryarka, ina ka samo shi?"

Amsa tana bakinsa: wurin tsohuwa mai ɗinkin hula. Amma ya tuna ɗakin ƙasa da kwata a ƙofar gida, sai kunya ta kama shi. Ya ce, "Maraya na tashi. Ba uwa, ba uba."

A daidai lokacin matan unguwa sun cika tsakar gidan 'Yardada, sun kewaye rediyo don su ji ɗansu. Duk suka juyo suna kallonta. Tsohuwa ta soke allura a jikin hula, ta ce, "Suɓutar baki ce. Don Allah ku rufa masa asiri." Unguwa ta rufa, albarkacinta.

Ƙaryar kuwa sai ta karɓe shi. Jama'a suka yi ta bugo waya suna kuka. Aka laƙaba masa Maraya, sunan ya bi shi. Waƙar maraici ita ce kasuwarsa, a fim ma matsayin da ake ba shi ke nan, ya durƙusa gaban makara ya yi kuka har mai kallo ya kasa cin abinci.

To wanda duniya ta sani da maraici, yaya zai shiga lungu ya gaida uwa, alhali kowane yaro da waya a hannu? Sai ya koma aike. Buhun shinkafa, atamfa, man girki. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce na gode. Ka ce masa shinkafa ba ta iya gaisuwa ba."

Maganar ta soke shi, wallahi ta soke shi. Kullum yana cewa bayan wannan fim zai je, bayan sallah zai fito ya faɗi gaskiya. Yana cikin taro ana ɗaukarsa hoto, amma ba mutum ɗaya da zai iya cewa, "Ina kewar innata." Shekara goma sha biyu a haka. Wa ya ba shi takardar cewa za ta jira?

Wata Talata da hantsi tsohuwa ta cika. Ƙaninta, Malam Ɗayyabu, ya yi ta kiran wayar ɗan, tana kashe, ana ɗaukar fim. Kun san gawa ba ta jiran kowa a garin nan. Kafin azahar an kai ta.

Sai da la'asar ɗan ya ji labari ya iso, ya zauna a kan tabarmar makoki a ƙofar gida. Mutane suna zuwa, su miƙa wa Malam Ɗayyabu hannu, su yi addu'a, su wuce shi. Wani dattijo ya tsaya a kansa, ba faɗa, ba ɗaga murya, ya ce, "Kai ai mun yi maka taka gaisuwar shekara goma sha biyu da suka wuce."

Abokan sana'arsa fa? Ko ɗaya bai zo ba. Da wane baki zai sanar da su? Ana yi wa mutum ta'aziyyar uwa sau biyu ne?

Wani ya ɗauke shi a waya yana zaune a tabarmar. Kafin sadakar uku labari ya gama gari. Waɗanda suka yi masa kuka su suka fi tsine masa. Masu fim suka daina kira. Ya ɗauki biro zai rubuta waƙa, ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa, don rijiyar da yake ɗiba an rufe ta da ƙasa.

Bayan damina ya tafi maƙabarta zai nemi gafara. Ya tambayi mai haƙa ina kabarinta. Mutumin ya dubi filin, ruwa ya daidaita kaburbura, ciyawa ta rufe. Ya ce, "Malam, ba ka zo rakiya ba ne? Wanda ya raka shi ke gane wuri."

Har yau ana ganinsa can. Yakan bi layi-layi, ya tsaya a kan wannan, ya matsa kan wancan, yana cewa, "Inna, ni ne."

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu ko tsaki ga iyaye, balle a binne su da baki suna numfashi. Sunan da ya ara don ya ci kasuwa, yau ya zama nasa na gaske. Kai da taka take raye, me kake jira? In mun shafa fatiha kada ka aika, kada ka buga waya. Taka da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe ta.

Allah ya jiƙan 'Yardada, ya karɓi tuban ɗanta. Allah ya kiyaye mu da jin kunyar waɗanda suka goya mu. Amin.