Ƙararrawar da Ta Yi Shiru a Kwana ta Biyu

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku.

An yi wani dattijo mai gyaran rediyo, Baba Jatau, a ƙauyen Tsaunin Gora. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun shige birni sun manta hanyar gida. Ba shi da abokin hira sai tsohon kekensa. Kullum da hantsi yakan gangara kasuwa ta wata siririyar hanya mai kwana-kwana, wadda in motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Duk kwanar da ya iso sai ya kaɗa ƙararrawa, don mai tahowa ya san da mutum. A ransa kuwa gani yake duwatsu kaɗai ke jinta.

Ran nan, tun bai kai ga kaɗa ta biyu ba, tayar gaba ta zame a kan tsakuwa, ya faɗi a bayan kwana ta biyu, inda direba ba ya hango komai sai ya shigo. Ƙafa ta karye, jini na zuba. Yana kwance tsakiyar titi, abin da ya fi ciwon cin ransa shi ne zai mutu ba mai cewa ina Jatau.

Ashe akwai wata mai sayar da itace, Inna Kande, da bukkarta ke saman hanya. Ba su taɓa ko gaisawa ba, amma da ƙararrawarsa take sanin lokacin ɗora tukunya. Ta ji ta kwanar farko, ta biyu shiru. Ta sauko ta gan shi. Ɗaukarsa ta fi ƙarfinta, sai ta kakkaryo ɗanyen ganye ta jera a titi, yadda direbobi ke yi in mota ta lalace a gaba.

Sai ga wani direba, Barau, ya gangaro da babbar mota cike da masara. Da wani direban ne, take ganyen zai yi ya wuce, kun dai san halinsu. Shi tun daga nesa ya danne birki har tayoyi na hayaƙi, ya tsaya dab da kan tsohon, ya gicciye motar ta zame masa katanga.

Daga ƙasa kuma Nomau ɗan tasi ya hauro. Ya sauke fasinjojinsa a dajin nan suna ta zaginsa, ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya kai shi asibiti kafin jini ya ƙare.

Da Baba Jatau ya farfaɗo, ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, wane ne naka? Mutum ɗaya ake bari ya zauna da majinyaci."

Ya buɗe baki zai ce ba kowa, yadda ya saba, sai ya hango su ukun tsaye a ƙofa, Inna Kande riƙe da ƙararrawar da ta tsinta a titi. Hawaye suka zubo masa.

To, ku da ke zaune, wa ya kamata Baba Jatau ya nuna ya ce, "Wannan ne nawa"?