Tabawa Mai Yaji da Maginan Shafi Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, masu sauraro.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari can gefen daji, an yi wata mata ana ce mata Tabawa mai yaji. Tana yin yajin daddawa, da yajin ƙuli, da yajin masu jego mai citta da kimba da masoro. Mata biyu ke taya ta daka, Indo da Asabe. Ita Indo mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da wannan dakan take ciyar da su.

A da, babbar hanya ta tsakiyar garin ta ratsa. Duk motar da ta tsaya a tasha, sai matafiya sun sauka sun sayi yajin Tabawa. Sai aka yi sabuwar hanya ta bayan dutse. Motoci suka daina biyowa. Tasha ta koma wurin kwanciyar awaki. Yaji ya yi ta zama a kwalabe har ya fara dunƙulewa.

Ran nan Tabawa ta kira matan nan ta ce, "Ba na son in riƙe ku a banza. In wannan wata ya ƙare ba ciniki, sai dai mu kife turame, kowa ta nemi abin yi."

Sai Indo ta ce, "Yaya, kar ki yi gaggawa. Da na je birni suna, na ga matar ƙanena tana zaune a ɗaki tana sayen atamfa da waya. Ta ce shagon a intanet yake, shafi ake ce masa. A gina miki irinsa mana."

Tabawa ta ce, "Da bulo ake gina shi ko da laka?"

Indo ta ce, "Oho. Ni dai na ga yana buɗewa a waya."

Sai Tabawa ta sa aka baza labari cewa tana neman maginin shafi.

Wanda ya fara zuwa shi ne Ɗawisu. Ya shigo yana taƙama, kwamfuta a ƙarƙashin fiffike. Tabawa ta ɗauko kwalba ta ce, "Ɗanɗana ka ji abin da nake sayarwa."

Ɗawisu ya ce, "Ba sai na ɗanɗana ba, Hajiya. Ni ƙawa na iya. Ki ba ni kwana uku."

Kwana uku ya dawo. Ya buɗe shafin a kwamfutarsa. Sai ga kiɗa, sai ga taurari suna zubowa, sai ga fuka-fukai shuɗi da kore suna walƙiya. Tabawa ta riƙe baki. Ta sallame shi da ladan aikinsa, ta haɗa masa da dambu.

Da ya tafi, Indo ta gwada a 'yar wayarta. Abu ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, har datarta ta ƙare bai buɗe ba. Asabe ta gwada, ita ma haka. Sai aka kai wa wani tela mai babbar waya. Nan ya buɗe. Tela ya duba sama, ya duba ƙasa, sai ya ce, "Baba Tabawa, ashe kin koma kiwon ɗawisu? Nawa ne guda?"

Babu hoton yaji, babu farashi, babu lambar waya. Aka aika wa Ɗawisu ya zo ya gyara, ya ce shi aikinsa ba ya buƙatar gyara.

Ana nan sai ga Dila, da hula da tabarau, baki kamar zuma.

"Ranki ya daɗe, na ji abin da wancan mai fuka-fukin ya yi miki. Ni a yini ɗaya zan gama, kuma ko kwabo ba na so."

Tabawa ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Dila ya ɗauki hoton kwalabe, ya ɗauki hoton Tabawa tana murmushi a gaban turmi. Kafin la'asar ya ce an gama. Tabawa ta ce, "To, tunda shago ne, ina makullinsa?"

Dila ya yi dariya. "Ai ba makullin ƙarfe ba ne, lambar sirri ce, mai wuyar riƙewa. Kar ki wahalar da kanki, ni zan riƙe miki. Ke dai ki zauna kusa da waya."

Tabawa ta zauna kusa da waya. Sati guda, shiru. Ta tambayi Dila, ya ce, "Haƙuri, intanet sai a hankali." Sati na biyu, shiru. Ya ce, "Haƙuri, ana hanya." Sati na uku, shiru. Amma shi Dila kullum sai ƙiba yake, har ya sauya hula.

Wata safiya sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta fito ba ko sallamar kirki. Sunanta Hajiya Marka, gidan abinci gare ta a birni. Ta dire leda a gaban Tabawa.

"Ke ce Tabawa mai yaji? Ga hotonki nan a waya, kar ma ki yi musu. Ke ko tsoron Allah ba kya yi? Na sayi yajinki na zuba wa baƙina, mutum uku sun wuni da ciwon ciki!"

Tabawa ta kwance ledar, ta lasa. Jar ƙasa ce da dusa, an cika su da barkono. Ta karɓi wayar ta duba. Sunanta ne, fuskarta ce, amma lambar da ke ƙasa ba tata ba ce. Sai ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba.

"Hajiya, shekara talatin ina daka, ban taɓa cutar kowa ba. Rashin ciniki na iya jurewa. Amma a ce sunana ne a kan wannan?"

Asabe ta shiga ɗaki ta ɗebo yajin gaske ta miƙa wa baƙuwa. Hajiya Marka ta lasa. Ta sake lasa. Sai ta aje jaka ta zauna ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Wa ya yi miki wannan aiki?"

Kafin Tabawa ta amsa, sai suka ji wata siririyar murya daga saman zaure: "Dila ne. Lambarsa ce ya sa."

Suka ɗaga kai. Ashe Zanzaro ne, wanda ya daɗe yana gina ɗan gidansa na laka a jikin azara. Ya sauko ya tsaya a bakin taɓarya.

Ya ce, "Inna, ni ma ginin shafi aikina ne. Ranar da Ɗawisu ya zo na yi miki magana, kiɗa ya hana ki ji. Ranar da Dila ya zo na sake yi, kika kore ni da mafici."

Tabawa ta ji kunya ta ce, "Yafe min, ɗan nan. Yanzu sai ka rushe wannan abin."

Zanzaro ya ce, "Ba ya rusuwa. Da sunan Dila aka yi rajistarsa. Sai in ya faɗi lambar sirri da bakinsa."

Tabawa ta share hawaye. Ta dubi ledar nan, ta dubi Hajiya Marka, ta ce, "Hajiya, ara min bakinki na yini ɗaya."

Sai Hajiya Marka ta buga lambar Dila. Ta ce yajin ya yi mata daɗi ƙwarai, tana son na shekara guda, amma sai ta ga mai shagon ido da ido a tsohuwar tasha. Kafin azahar sai ga Dila da buhu a kafaɗa, yana haki.

Hajiya Marka ta ce, "Kai ne mai shafin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Tabawa ma'aikaciyata ce."

"Madalla. To ni al'adata, ba na sayen abin da mai shi bai ci a gabana ba. Ga cokali. Uku kawai za ka yi."

Dila ya dubi buhu, ya tuna cinikin shekara. Ya kai cokali na farko. Ƙasa ta yi ƙaras a haƙoransa. Ya ce, "Kai, daɗi!" Ya kai na biyu. Idanu suka kaɗa, hanci ya fara zuba. Ya ce, "Da… daɗi." Ya kai na uku. Sai tabarau ya faɗi, hula ta faɗi, ya hau tsalle yana ihu, "Ruwa! Ruwa, jama'a!"

Sai ga Tabawa ta fito daga bayan rumfa da kwanon ruwan randa mai sanyi. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Ga ma'aikaciyarka ta kawo ruwa. Amma lambar sirri tukuna."

"Na manta!"

Zanzaro ya zo ya sauka a kan hancinsa, ya gyara tsayuwa, ya ce, "In tuna maka?"

Nan take Dila ya faɗe ta, har sau biyu. Zanzaro ya gwada a waya, shafin ya buɗe. Aka ba Dila ruwa ya shanye, ya yanki daji ko waiwaye babu. Buhun nan kuwa, rami aka haƙa aka binne shi.

Da suka koma gida Tabawa ta ce, "To, Zanzaro, buɗe kwamfutarka ka fara."

Ya ce, "Ba yau ba, Inna. Zauna in tambaye ki. Su wa ke sayen yajinki?"

"Kowa da kowa."

"A'a, ambato min su."

Tabawa ta yi tunani. "Masu jego. Masu tsire da balangu. Masu gidan abinci. Sai iyayen da ke kai yara makarantar kwana."

"Me suke fara tambayarki?"

"Ko da zafi sosai. Ko zai yi wata nawa bai lalace ba. Sai farashi."

Zanzaro ya ce, "To, abin da za su fara gani ke nan."

Kashegari ya sa aka wanke kwalabe, aka jera su a kan farin faifai da hantsi, ya ɗauki hoton kowace da sunanta. Rana ta uku ya ce, "In mutum ya saya daga nesa, wa zai kai masa?" Tabawa ta ce ba ta taɓa tunanin wannan ba. Sai suka hau babur har bakin sabuwar hanya, suka yi magana da direbobi. Biyu suka yarda za su riƙa karɓar saƙo duk Litinin da Alhamis.

Sannan ne Zanzaro ya fara gini. Yana taka maɓallan kwamfuta da 'yan ƙafafunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi kaɗan ya nuna wa Tabawa, ta ce gyara nan, ya gyara. Kwana biyar ba a gama ba. Tabawa ta ƙosa ta ce, "Wai kai, Dila fa a yini ɗaya ya gama."

Zanzaro ya ce, "Haka ne, Inna. In kira miki shi?"

Indo da Asabe suka kwashe da dariya, har Tabawa ma ta dara.

Ran kwana tara aka gama. Ba kiɗa, ba walƙiya. Ga yaji iri uku da farashinsu, ga bayanin abin da ke cikin kowanne, ga lambar Tabawa da manyan baƙi, wadda da an taɓa sai ta kira. A can sama kuma Tabawa ta sa aka rubuta maganarta: wani ya sayar da gurɓataccen yaji da sunanta, duk wanda ya faɗa hannunsa ya kira, za ta aika masa na gaske kyauta. Aka gwada a ƙananan wayoyin unguwa, kafin a ƙifta ido ya buɗe.

Zanzaro ya mayar da rajista da sunan Tabawa. Ya koya mata yadda za ta sauya farashi da yadda za ta sa sabon hoto, ta yi ta kuskure yana maimaita mata. Daga nan ya ce, "Yanzu zaɓi sabuwar lambar sirri. Kar ki faɗa min." Ya juya mata baya har ta gama.

Ba a ranar aka fara ciniki ba. Waɗanda Dila ya cuta ne suka fara kira, wasu da faɗa. Tabawa ta ba kowa haƙuri, ta aika masa kwalbarsa. Cikin su kuwa, da yawa suka sake kira, wannan karon da kuɗinsu. Hajiya Marka ta ɗauki na gidan abincinta, ta kuma gaya wa masu tsiren layinsu. Kafin damina ta faɗi, sai da Tabawa ta ƙara mai daka ta uku.

Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, daga wani gari mai nisa da Tabawa ba ta taɓa jin sunansa ba.

Ya ce, "Baba, a shafinki na ga lambarki. Aiki ne ya kawo mu nan, ba mu da kowa. Matata ta haihu shekaranjiya, haihuwar fari, mahaifiyarta kuma ta rasu. Tun jiya take cewa da tana gida da an daka mata yajin jego."

Tabawa ta ce, "Allah ya raya. Me aka samu?"

"Mace."

"Masha Allah. Gobe Alhamis mota za ta taso da shi. Yanzu miƙa mata wayar, in gaya mata yadda ake dama kunun kanwa."

Aka miƙa wa mai jego waya. Suka yi ta hira kamar uwa da 'ya, har tuwon Tabawa ya kusa kamawa a tukunya.

To, kun ji. In za a gina muku shago, a kasuwa ne ko a waya, ku nemi maginin da zai zauna ya tambaye ku kafin ya taɓa aiki. Kuma komai daɗin bakin mutum, makullin shagonku ya kwana a hannunku.

Kurunkus, kan ɗan ƙadangare!