Makiyayin da Aka Sayar da Garkensa

Akwai wani makiyayi wanda ya yi shekara goma sha takwas yana kiwon tumakin wani attajiri. Ya san kowace tunkiya da halinta, ya san mai kwaɗayi, ya san matsoraciya. Ana nan sai attajirin ya tsufa, 'ya'yansa suka ce kiwo wahala ne, suka sayar da garken kakaf, aka loda a mota aka yi kudu da shi. Suka kira makiyayin suka yi masa godiya, suka ba shi buhun dawa, suka sallame shi.

Mutumin ya koma gida ya jingine sandarsa a bayan rumbu, ya ce wa matarsa, "Daga yau kada a ƙara yi mini zancen tumaki a gidan nan." Ya gwada sayar da itace, bai iya ciniki ba. Ya gwada aikin gini, sai a same shi tsaye da kwanon laka a ka yana kallon daji. A ƙarshe ya koma zaman ƙofar gida. Abinci ba ya shiga, ranar Lahadi ma sai matar ta yi da gaske kafin ya je sujada. Zuciyarsa ta karaya, yana ganin Allah ya gama da shi.

Wata rana da hantsi yana wucewa ta bayan gidan wata tsohuwa gwauruwa, sai ya ji kukan tunkiya. Ya ƙara sauri, amma kukan ya tsaya masa a rai. Ba na yunwa ba ne, ba na ƙishi ba, ga kuma wani siririn kuka yana bin bayansa. Ya ce a ransa, "Me ke damun dabbar nan?" Ya wuce, ya dawo, ya sāke wucewa kamar wanda ya yar da allura. Mutumin da ya ce ba ruwansa da tumaki ke nan fa! A karo na uku ya yi sallama.

Tsohuwar ta nuna masa ta ce, "Ɗana, tunkiyar nan ita kaɗai mijina ya bar mini, ɗanta ya mutu shekaranjiya. Wannan ɗan ragon kuma uwarsa ta mutu wajen haihuwa, maƙwabciyata ta ba ni shi. Na haɗa su, amma da ya matso sai ta tunkuɗe shi. Ba na jin zai kai gobe."

Makiyayin ya durƙusa ya duba su, ya ce, "Iya, kina da gishiri?"

Ta ce, "Gishiri kuma? Miya za ka yi mana?"

Ya tatsi nonon tunkiyar a tafin hannunsa, ya gauraya da gishirin, ya shafa wa ɗan ragon daga kai har wutsiya, ya ajiye shi a gabanta. Ta sansana ta kau da kai. Ta sāke sansanawa, sai ta lasa. Ta yi ta lasa har warin baƙunta ya fita daga jikinsa, ta tsaya cak, ɗan ragon ya kama nono yana kaɗa wutsiya. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa. Mutumin ya ji kansa yana dariya, abin da ya yi wata biyar bai yi ba. Da ya isa gida ya cinye tuwon da aka ajiye masa, ya nemi ƙari.

Labari ya bazu. Mai akuyar da ta ƙi cin abinci ya zo, mai ragon da ke ɗingishi ya zo. Abin da bai sani ba ya dinga tambaya yana koyo, har ciwon kaji da a dā yake rainawa. Bai sāke samun garke ba, amma da aikin nan ya ci da iyalinsa, yana murna da shi.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Garken shi ne aikin da mutane suka ba ka, kuma mutane suna iya karɓewa. Kunnen makiyayin shi ne baiwar da Ubangiji ya sa a cikinka, wannan kuwa ba a loda ta a mota. Kukan tunkiyar bukatar maƙwabcinka ce. Sau da yawa kiran Allah ba ya zuwa da tsawa, yana zuwa ne da 'yar tambayar da ta ƙi barin zuciyarka: me ke damun wannan, me ya sa ba wanda ya gyara wancan?

Na san a cikinku akwai wanda aka sallama daga aiki bana, abin yana damuna ƙwarai. Ba zan yi maka alkawari za a mayar da kai ba, gama makiyayin ma ba a mayar da shi ba. Amma idan ka ga ƙafarka ta wuce wata ƙofa sau biyu a makon nan, kada ka wuce na uku. Yi sallama ka shiga, domin mai yiwuwa abin da ke kuka a ciki ba zai kai gobe ba.