Zanin Gadon Inna Tabawa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba gudu za su yi ba. Ke mai tsintar shinkafa ci gaba da aikinki, kunnenki kawai nake so. Ga wata nan na kawo muku, kuma ba ƙirƙira ba ce irin ta yara, mutanen cikinta duk ni na yi musu kitso suna ƙanana. In na gama akwai shari'ar da za ku yanke min, don ni kam ta fi ƙarfina.

A layinmu na Malumfashi an yi wasu 'yan mata huɗu da ba a ganin ɗaya sai da sauran: Kubra, Barira, Saude da Luba. Kubra ce mai kan karatu a cikinsu. Ta samu gurbi a ƙasar Turkiyya, a wani gari da ake kira Konya, ta tafi koyon haɗa magunguna. Ita kaɗai ce 'ya mace a wajen mahaifiyarta, Inna Tabawa. Tana shekara ta uku a can Inna ta kwanta ciwon kwana biyar, Allah ya karɓi abarsa. Kubra ba ta ga gawa ba, ba ta zauna zaman makoki ba, ta waya aka yi mata ta'aziyya.

Bayan shekara biyu sai ga albishir biyu a haɗe. Kubra ta gama karatu, za a yi bikin yaye su, kuma a cikin watan nan za ta auri wani ɗan ƙasar mai suna Burhan. Kawunta ya yi bincike, ya ji mutumin kirki ne mai salla, ya sa albarka. Ta aiko wa ƙawayenta saƙon murya tana dariya, ta ce, "Kun san wani abu? Su ma nan suna da jere irin namu. Kafin biki ana baje kayan amarya mata su zo kallo, kuma abin da suka fi dubawa shi ne ɗinkin hannun da uwa ta yi wa 'yarta. Surukata ta tambaye ni yaushe za a baje nawa, na ce mata nawa littattafai ne. Don Allah kada ku wahalar da kanku da wata gudummawa, addu'arku ta isa."

Su ukun suka taru a shagon ɗinkin Saude don su zaɓi abin da za su aika. Saude ta ce saitin tukwane. Luba, wadda fatauci take yi tsakanin Kano da Santambul, ta ce, "Tukwanen da daga can nake saro su? Mu mayar musu da kayansu?" Aka ce bargo, ta ce shi ma na can ne. Aka ce daddawa da kilishi da man shanu, sai duk suka fashe da dariya, don sun taɓa gwadawa, karen filin jirgi ya shinshino jakar, aka zubar da komai a gaban idon Luba. Gado da katifa kuwa ba sa shiga jirgi. Suka yini suna kawo wannan suna ture wancan, aka tashi ba a tsayar da komai ba. Saura mako bakwai a baje kayan Kubra, kuma babu ko ƙyalle ɗaya na hannun uwarta da za a shimfiɗa.

To, ga abin da Barira ta yi.

Barira malamar firamare ce, ba ta da yawan magana, amma kunnenta ba ya yar da abu. Ta koma gida ta sake sauraron saƙon nan har sau huɗu, ta ji cewa dariyar Kubra ba ta kai ciki ba. Sai ta tuna wata rana suna 'yan sakandare, sun tarar da Inna Tabawa a gindin darbejiya da farin yadi a cinya, tana yi masa ado da zare mai launi, ɗawisu biyu a tsakiya da furanni a gefe. Suka tambaye ta na wane ne, ta ce, "Zanin gadon ɗakin Kubra ne, in ta ga dama ta ajiye biro ta yi aure." Ba wanda ya sake tuna zancen, har Kubra ɗin.

Barira ta je wajen gwaggon Kubra. Gwaggo ta ce suturar mamaciya an yi sadaka da ita tun ranar bakwai, ƙullin da yadin yake ciki an ba tsohuwar da ta yi wa gawar wanka. Aka nemi tsohuwa, aka ce ta koma wajen ɗanta a wani ƙauye bayan Bakori. Damina ce, hanya ta lalace, Barira kuma tana da ciki wata shida. Asabar ta farko ta hau babur ta je, ta tarar rafi ya cika, ta juyo. Asabar ta biyu ta haye, tsohuwa ta ce ai ta ba jikarta da ke aure a wani ƙauyen gaba. Mijin Barira ya ce ya isa haka, ta roƙe shi har ya ɗauke ta da kansa a Asabar ta uku. Suka tarar da yadin an rufe buhun gero da shi. Rabinsa an yi ado, rabi fari fat, ɓera ya ci kusurwa ɗaya, allurar Inna tana soke a inda ta tsaya, ta yi tsatsa. Da matar gidan ta ji labari sai ta kakkaɓe shi ta miƙo, ta ce, "Ai marainiya ta fi buhu buƙatarsa." Barira ta kwance sabon mayafinta ta bar mata. Ba don Barira ba, da har yau zanin nan yana kan gero.

Ga kuma abin da Saude ta yi.

Rabin zani ba kyauta ba ce. In aka shimfiɗa shi haka a gaban baƙi, sai ya zama abin tausayi, kuma ba tausayi suke nema wa Kubra ba. Saude ita ce ta koyi riƙon allura a hannun Inna Tabawa tun tana 'yar shekara tara. Ta wanke yadin da lallami, ta shanya a inuwa, ta zauna. Kwana biyu tana aiki, ta gama fiffiken ɗawisu na biyu, ta ɗaga ta duba a hasken rana. Aikin ya yi kyau, amma ko makaho ya shafa zai san hannu biyu ne. Ta rasa dalili, har ta tuna cewa Inna bahaguwa ce. Ɗinkinta duk ta ɗaya gefen yake kwanciya.

Da wata ce, da ta ce wa zai lura? Saude ta ce Kubra za ta lura. Ta warware aikin kwana biyun nan tas, ta mayar da allura hannun hagu, ta koma 'yar koyo a kan tsumma har kwana uku kafin ta yarda ta taɓa yadin. Sabon zare ya fi na Inna haske, sai ta jiƙa shi a ruwan shayi ta shanya a rana har ya dusashe ya zo daidai. Inda tsatsa ta ɓata ta ɗora ganye, inda ɓera ya ci ta yi maho ta rufe da fure. Kuma ku sani lokacin ɗinkin Babbar Salla ne, lokacin da tela ba ya ɗaga kai. Saude ta mayar wa mutane yadukansu, wasu suka yi fushi suka canza shago har yau ba su dawo ba. Ni kaina na je da atamfata ta ce in yi haƙuri, na fita ina mita, Allah ya yafe min. Kwana goma sha tara ta yi. Ranar da ta gama, yatsunta na hagu sun kumbura, ko kofi ba ta iya riƙewa. Ba don Saude ba, da abin da za a aika rabin zani ne mai tsatsa.

Sai Luba.

Saura kwana huɗu. Aikawa ta hannun masu kai saƙo ba za ta isa a kan lokaci ba, kuma ba wanda zuciyarsa ta yarda a damƙa wannan abu a hannun baƙo. Luba ce kaɗai mai biza. Tafiyarta sai wata mai zuwa, lokacin da ake fito da sabbin kaya, amma ta jawo ta baya, ta san sarin wannan karon ya wuce ta ke nan. Ga 'yarta da ba ta daɗe da yayewa ba, ta kai wa mahaifiyarta. A filin jirgi aka ce jakar hannunta ta yi nauyi, ta mayar da wasu kaya babbar jaka. Luba ta shiga banɗaki, ta naɗe zanin a jikinta kamar mai ɗaurin ƙirji, ta mayar da abayarta a kai. Masu bincike suka shafa suka ji tudu, mace ta kai ta gefe ta duba, ta ga yadi ne, ta girgiza kai ta sake ta. Haka ta zauna cikin jirgi tana gumi.

Da suka sauka Santambul, babbar jakar ba ta fito ba, ta bi wani jirgin zuwa wata ƙasa. Aka ce ta jira kwana biyu. Da zanin yana ciki, da shi ke nan. Luba ba ta jira ba, ta bar jakar da kayan sawarta duka. Daga nan zuwa Konya tafiyar yini ce a mota, ita kuma duk abin da ta iya a yarensu bai wuce "nawa ne" da "rage min" ba. Ba ta taɓa wuce kasuwa ba. Da adireshi a tafin hannu, da nuni, da taimakon wata tsohuwa da ta raba burodinta da ita, ta isa ƙofar gidan surukan Kubra da hantsi, ranar da za a baje kaya. Ba don Luba ba, da zanin ya iso bayan an watse, ko ma bai iso ba.

Mata sun cika ɗaki. Surukar Kubra mutuniyar kirki ce, ta kawo wasu ɗinke-ɗinkenta ta shimfiɗa don kada gadon ya zauna tsirara, amma kowa ya san na wane ne. Kubra tana tsaye tana murmushin dole. Sai ga Luba da abaya duk ƙura, ta rangaɗa guɗa tun daga bakin ƙofa har matan suka razana. Ta warware zanin ta shimfiɗa.

Luba ta ce min Kubra ta matso gaban gadon. Ta durƙusa ta ɗora hannu a kan ɗawisun farko, ta ce, "Inna." Da aka gaya mata rabi Inna ta bari, sai ta shiga bin ɗinkin da yatsa tana neman inda hannun uwarta ya tsaya. Ta bi ta dawo, ta sake bi, ba ta samu ba. A nan ne kukan da ba ta yi ba shekara biyu ya zo mata. Surukar ta juya bayan zanin ta duba, kamar yadda masu sanin ɗinki suke yi, ta sumbace shi, ta kwashe nata ta ajiye gefe. Bayan kwana uku Luba ta sake yin guɗa a zauren yaye ɗalibai, da rigar da ta ara wajen Kubra a jikinta, ita kaɗai ce dangin Kubra a wurin.

Ni dai na gode wa Allah da ya nuna min yaran nan, don na ga 'yan'uwan ciki ɗaya da ba su yi wa juna rabin haka ba.

To, ga shari'ar. Kubra ta haifi 'yarta ta fari, aka sa mata sunan Inna, wannan babu gardama. Ranar Talatar nan da ta wuce ta haifi ta biyu, mace. Haihuwar ta zo da wahala, likita ya ce daga wannan ta rufe. Burhan ya ce ita za ta zaɓi suna, ita kuma ta rantse sai ta yi wa ɗaya daga cikin ukun takwara. Ta kira Barira, Barira ta ce, "Ni yawo kawai na yi, ki sa Saude." Saude ta ce, "Ni a zaune na yi nawa, ki sa Luba." Luba ta ce, "Ni 'yar aike ce, ki sa wadda ta tuna." Jiya Kubra ta kira ni tana kuka tana dariya, ta ce, "Iya, ke kika san mu duka, ki raba min wannan." Na ce ta ba ni zuwa jibi.

Kada wata ta ce min a jera wa yarinya suna uku, suna ɗaya liman zai raɗa mata. Kada kuma a ce a jira wata haihuwar, kun ji abin da likita ya ce. Wadda ta ji abin da ba a faɗa ba ta je ta nemo, da wadda ta ari hannun mamaciya ta ƙarasa, da wadda ta ɗaura a jikinta ta kai: to, sunan wace ce a cikinsu ya cancanci a kira ranar Talata?