Ruwan Gidan Alhaji Sabo

Alhaji Sabo tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a Unguwar Dosa, a Kaduna. Ba shi da rowa, ba ya faɗa da kowa, amma yana da hali ɗaya da ya yi masa katutu: ba ya ƙaunar a ce wani abu nasa yana da aibi. Motarsa ta fi ta kowa lafiya, mangwaron gidansa ya fi na kowa zaƙi, in ka musa kuwa kun ɓata har sai ya gaji don kansa.

Da ya yi ritaya, ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki, ya ja famfo har banɗaki da kicin da tsakar gida. Ya kuma fitar da famfo ɗaya waje don maƙwabta su riƙa ɗiba kyauta. Wannan alheri ne, Allah ya ba shi lada, sai dai duk wanda ya zo ɗiba sai ya sha labari. Alhaji zai tari ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Dubi nan! Kaf Kaduna ta Arewa babu mai ruwa irin wannan."

Ruwan garau yake a ido, amma yana da nauyi. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai an sha wuya. Butar lantarki ta yi farin ɓawo a ciki kamar an shafe ta da alli. Hujojin shawa suka toshe, dutsen guga ya fara tofa farin gari a kan kaya, injin wanki ya yi ta gurnani har ya tsaya cak.

Wata rana matarsa, Hajiya Hansai, ta kawo masa butar ta ce, "Alhaji, anya ba ruwan nan ne ke cinye mana kaya ba? Wannan ce ta uku fa."

Ya sha mur ya ce, "Kayan zamani ne ba su da ƙwari, Hajiya. Ruwan da rabin unguwa ke sha suna sa albarka shi za ki ɗora wa laifi?"

Hajiya Hansai mace ce mai kawaici. Shekara da shekaru ta san mijinta, ta san inda ake taɓa shi ya ji zafi, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Shi kuwa in ya faki idonta, sai ya ɗauki wuƙa ya kankare ɓawon butar don kada baƙi su gani.

Ana haka ciwon huhu ya kama Hajiya. Ta yi jinya a asibiti, likita ya ce ba za ta iya zama a gida ba sai da injin iskar numfashi a kusa da ita. Ita kuwa ba abin da ta tsana kamar gadon asibiti. Burinta ɗaya, ta koma ɗakinta. Autarsu Ilham, wadda ke aure a Zariya, ta nemo injin ta kawo. A jikinsa akwai 'yar kwalba da ake zuba wa ruwa. Iskar tana bi ta wani siririn bututu mai ƙananan huji a cikin ruwan, ta yi kumfa, sannan ta wuce ta roba zuwa hancin maras lafiya.

Ilham ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, don Allah wannan kwalbar tataccen ruwa na kemis kaɗai ake zuba mata. An ja mini kunne sosai, ban da ruwan famfo. Ga jarka ɗaya na kawo, in ta ƙare a sayo wata."

Maganar ta sosa masa rai, amma ya ce to.

Da jarkar ta ƙare, ya je kemis ya sayo wata. Yana fitowa da ita daga mota, sai ga maƙwabcinsa Malam Lawan a bakin famfon waje, da mutane a layi. Malam Lawan mutum ne mai barkwanci, ya kwashe da dariya ya ce, "Ikon Allah! Yau Alhaji ne da sayen ruwa? Ashe mu ake bar wa na famfo, mai gida na shan na kanti!"

Kowa ya dara, aka wuce wurin. Alhaji Sabo kaɗai ne bai wuce ba. Maganar ta yi ta cin sa, har ya rantse a ransa ba za a sake ganinsa da jarka ba. Da wannan ta ƙare, sai ya kai ta famfon tsakar gida ya cika, ya mayar da ita gindin gado. Ya ce wa kansa ruwa dai ruwa ne, kuma nasa ya fi na kemis tsabta.

Watanni suka shuɗe a haka. Injin yana ta ƙugi kamar kullum, fitilarsa tana ci. Sai dai kumfar da ke tashi a kwalbar ta riƙa raguwa, kwalbar kuma ta yi hazo-hazo. Alhaji ya lura. Maimakon ya yi magana, sai ya goge bayanta da tsumma, ya ƙara murɗa maɓallin iska. Hajiya ta fara yawan barci da rana, ta daina ƙarasa magana sai ta huta a tsakiya. Ya ce zafin gari ne.

Ranar wata Asabar da hantsi Ilham ta zo duba ta. Tana shiga ta ga leɓɓan mahaifiyarta sun yi duhu, tana haki. Ta cire robar hancin ta kara a kumatunta, ba ta ji komai ba. Ta kwance kwalbar, sai ga bututun ya daskare da farin ɓawo, hujojin duk sun toshe. Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Baba, wane ruwa ake zubawa a nan?"

Ya kawar da kai ya dubi jarkar da ke gindin gado. Ba ta sake tambaya ba, ta fita da gudu neman mota.

A asibiti likita ya ce zuciyar Hajiya ta daɗe tana wahala saboda ƙarancin iska, kuma ta gaji. Aka kwantar da ita a kan gadon da ta yi ta roƙo kada a mayar da ita. Da yamma Alhaji ya zauna kusa da ita, su biyu kaɗai. Duk cika bakinsa ya zube, ya koma dattijo abin tausayi. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ruwan famfo nake zuba miki."

Ta daɗe tana tattara numfashi kafin ta ce, "Na sani, Alhaji. Ta taga nake hangen ka kana cika jarkar."

"To me ya hana ki magana?"

"Na ga yadda ranka ke ɓaci in an taɓa ruwan nan. Ban so in kunyata ka ba."

Ya kifa kansa a gefen gadon ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro. Hajiya Hansai ba ta sake ganin ɗakinta ba. A asibitin Allah ya karɓi abarsa.

Darasi: Rai da ajali na Allah ne, amma sakaci na mutum ne, kuma za a tambaye shi. Wanda ba ya jure a faɗa masa aibin abinsa, yana koya wa masu ƙaunarsa yin shiru ne, har a ranar da maganarsu za ta ceci rai. In kayan gidanka sun fara nuna alama, ka bincika ruwanka, kuma ka bi ƙa'idar da aka gindaya maka ko da za a yi maka dariya a unguwa. Dariyar maƙwabta ba ta wuce yini ɗaya. Alhaji Sabo ya guje mata, ya rasa matarsa.